Mai Sanƙon da Ya Miƙa Mini Kansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Talata, tara ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran tsohon babban nas na sashen maza a asibitin masu taɓin hankali, mutumin da marasa lafiya ke kira Baba Sanƙo a bayan idonsa, mu kuma da muka samu sauƙi muka ci gaba da kiransa haka a gaban idonsa. Babban ɗansa ne ya kira ni a waya. A lokacin ina da mutum a kujera, na gama masa rabin gemu, sauran rabin yana cikin kumfa. Na yi wa mai kiran gaisuwa, na ajiye waya, na ƙarasa askin nan tsaf, na wanke aska, sannan na ja ƙofar shago na zauna na yi kukana. Na san da za ka ji na bar mutum da rabin gemu saboda kai, Baba, da sai ka yi mini faɗa.

Ni mai aski ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Abokan aikinka za su rubuta nasu, su faɗi karatun da ka yi da ɗaliban da ka yaye, kuma sun fi ni sanin wannan. Ni abin da na sani game da kai, daga ɗaya gefen ƙofa na san shi, gefen da ba a sa masa mariƙi ba.

Ciwon ya same ni ina cikin ƙarfina, da mata da 'ya'ya da shago mai jama'a. Ya fara da rashin barci, sai muryoyi suka biyo baya. Wata rana da hantsi, kamar yadda aka ba ni labari, na fito ƙofar shago da aska buɗe a hannu ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya ina cewa su matso. Ban yanki kowa ba, Allah Ya tsare, amma layin gaba ɗaya ya watse, har mai gyaran babur ya bar babur ɗin mutane a kwance ya tsallake kwata. 'Yan sanda suka ɗauke ni. Alƙali ya duba bayanin likita ya ce wannan ba na gidan yari ba ne, a kai shi asibiti, sashen da ake kullewa.

Wanda bai zauna a sashen nan ba ba zai gane abin da ake nufi da cunkoso ba. Ɗakin da aka gina don gadaje layi biyu an mayar da shi layi uku, an shimfiɗa katifu a tsakani, har a ƙarƙashin wasu gadajen akwai mai kwanciya. In kana son zuwa banɗaki sai ka tsallake mutane, kuma ba kowa ke son a tsallake shi ba. Wannan na waƙa, wancan na wa'azi, wani na rigima da matarsa da ba ta wurin. Fanka ɗaya ce mai aiki, ita ma kowa cewa yake tasa ce. Mai cikakken hankali ma in ya daɗe a wurin sai ya nemi wanda zai mara. Ni ban daɗe ba. Wani ma'aikaci ya taka mini yatsu yana rabon magani, ba da gangan ba, na tashi na shaƙe shi. Aka taru aka danne ni, aka yi mini allura, na farka a ɗakin keɓewa.

Mu ɗakin shiru muke ce masa, ko da yake ba na jin akwai inda aka fi kwarara ihu a asibitin nan kamarsa. Katifar roba ce a ƙasa, da bokitin roba, da taga can sama inda hannu ba ya kaiwa. Ƙofar ta ƙarfe ce, an yi mata 'yar kafa kamar tafin hannu, an rufe ta da raga. An zare zariyar wandona, an karɓe takalmina. Kai ka ba da umarnin saka ni a ciki, kuma ba ka taɓa ɓoye mini haka ba, ko ɗora wa wani.

Tun kafin zuwana ka riga ka yi abin da ya sa manyan asibitin ke cewa ba ka jin magana. Ka fitar da teburinka daga ofis, ka sa aka jera katifu a ciki don tsofaffin marasa lafiya da matasa ke tattakawa. Teburin ya rasa mazauni sai baranda, kuma wurin da ka ajiye shi a barandar shi ne jikin ƙofar ɗakin shiru. Ka ce nan ne kaɗai rana ba ta dukanka. Duk wanda ya san barandar nan ya san rana tana dukan wurin sosai, amma ba wanda ya yi maka musu.

A can kake wuni, ka juya wa ƙofar baya kana aikinka, kana magana kamar da kanka kake. Ka ce hadari ya haɗu, ka ce an gyara famfon tsakar gida, ka ce matar mai aski ta zo ta kawo kaya kuma ta ce yara suna lafiya. Ni kuwa na ɗinke bakina. Likita ya zo ya yi tambaya, na kalli bango. Aka bar matata ta leƙo ta kafar nan, na juya mata baya, abin da har yau takan tuna mini in mun yi faɗa. Kuma muddin ban yi magana ba, ba yadda likita zai san abin da ke cikin kaina, ba kuma wanda zai yarda a mayar da ni cikin mutane.

Abin da kawai nake iya gani ta ragar nan shi ne ƙeyarka. Sanƙo ya riga ya cinye tsakiyar kan tas, sai ɗan zagayen gashi daga kunne zuwa kunne, kuma wani ya yanke masa layi a karkace, gefen dama ya haura na hagu da kusan faɗin yatsa. Na kalli layin nan yau, na kalle shi gobe, ya hana ni sakat fiye da muryoyin da ke damuna. Ranar da haƙurina ya ƙare na sa baki a raga na ce, “Wai wane ne ya yi maka wannan aika-aikar a ƙeya?”

Ba ka juyo ba, ba ka kira kowa ba. Ka dai ajiye biro, ka shafa wurin, ka ce, “Matata ce. Ya ɓaci ne?”

Na ce, “Ya ɓaci mana. Ka ce mata ta bar mutane su ci abinci da sana'arsu.”

Ka yi dariya har kafaɗunka na rawa. Daga ranar hira ta ɓalle. Ka tambaye ni abin da ke kawo ƙurajen aski, da yadda ake wasa aska, da dalilin da ya sa gashin wasu ke murɗewa a tsakiyar kai. Ni kuma da ma an taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi, sai zuba nake. Daga baya na gane sau da yawa likita na tsaye gefen ƙofar yana saurare, kai ka kira shi. Ba a jima ba aka fara barin ƙofar a buɗe da rana, kana zaune a bakinta. Sannan aka mayar da ni cikin jama'a, ka samo mini gado a jikin bango inda ba mai tsallake ni.

Kai ka kai maganar aski gaban taron likitoci. Ba ka yi ta a ɓoye ba, don kai ba mai karya doka ba ne, mai naci ne kawai. An ce an kai ruwa rana. A ƙarshe babban likita ya amince da sharuɗɗa: kilifar aski mai batir, a tsakar gida, ma'aikata biyu na tsaye, ba aska, ba almakashi. Kan farko da aka kawo mini naka ne, na gyara layin nan da ya daɗe yana cin raina. Da yake ba a shiga da madubi sashen, sai ka aiko aka ɗauko tiren raba magani, ka goge bayansa da rigarka, ka duba fuskarka a ciki ka ce yanzu ka fito ango. Mutanen da ke leƙe ta taga suka fashe da dariya, kafin ka tashi an yi layi.

Akwai wani bawan Allah da ya fi kowa daɗewa a ɗakin shiru, gashinsa ya dunƙule, gemu ya rufe masa baki. Ka fito da shi da kanka, kana riƙe da hannunsa. Da na gama, aka miƙa masa tiren nan, ya daɗe yana kallo, sai ya ce, “Wannan ai babana ne.” Ya rungume tiren ya ƙi saki, ranar sai a murfin bokiti aka raba maganin rana. Ka lura kuma duk ranar aski faɗa yakan ragu, don rabin ɗakin na waje a layi, waɗanda suka rage suna samun wurin miƙe ƙafa. Kana yawan cewa rabin faɗan sashen nan ba ciwo ba ne, matsi ne. Shi ya sa in ka tarar an bar mutum a ɗakin shiru bayan ya huce, don kawai an ba wani gadonsa, ranka yakan ɓaci ƙwarai. Na ji ka da kunnena kana ce wa wani ma'aikaci ɗakin nan ba sito ba ne da za a ajiye mutum a manta.

Ba zan ce kai mai sanyi ba ne a kowane lokaci. A kan shan magani ba ka da wasa, sai ka sa ƙato ya buɗe baki ya ɗaga harshe kamar jariri. Kuma da ciwona ya sake motsawa sau ɗaya, na fara jifa da kwanuka, kai ka sake sa aka kai ni ɗakin nan. Na zage ka ta raga, zagin da ba zan maimaita ba. Ka bari na gaji, sannan ka ce ba ka ƙaunar ɗakin ko kaɗan, amma ba za ka bari in farka in tarar na yi wa wani abin da ba zan iya yafe wa kaina ba. Da jikina ya yi sanyi kai ka fara cewa a buɗe.

Ranar da aka sallame ni na zaci na gama da wahala. Ashe abin da ya fi ɗakin shiru yana jirana a layinmu. Matata ta share shagon, ƙanena ya yi masa fenti, na jera kayana, na ɗaura rigar aiki, na zauna. Mutane suna wucewa, suna ɗaga mini hannu daga tsallaken titi, suna cewa ya jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, amma ba mai tsallakowa. Waɗanda na yi wa aski tun ba su da gemu, ina kallonsu suna zagayawa ta bayan layi su tafi wani shagon. Ban ga laifinsu ba. Wa zai kwantar da wuyansa ga mutumin da ya gani da idonsa yana kiran jama'a da aska buɗe? Surukina, mutumin kirki, ya kira ni gefe ya ce ko in bar wannan sana'a in kama wadda ba ruwanta da ƙarfe mai kaifi. Ni kuwa ban iya komai ba sai ita, kuma na san in na ajiye aska, to na yarda ke nan mutumin da suke tsoro shi ne ni. Da na je karɓar magani ka tambaye ni ya kasuwa, na ce alhamdu lillahi. Ka dube ni ka ce to.

Asabar ɗin da ta biyo baya, da hantsi, lokacin da layin ya fi cika, sai ga ka a ƙofar shago. Ka yi sallama da ƙarfi yadda har tela na kusa da ni sai da ya leƙo. Ka ce cikin shagon da zafi, ka jawo kujerar aski da hannunka har bakin titi, ka zauna kana fuskantar jama'a. Na ɗauko kilifa, ka ce a'a, wannan ta asibiti ce, kai aska kake so, kai da gemu, a kwashe tas.

Na yi kumfa na shafa maka, na buɗe askar, sai na ga bakinta na karkarwa. Na sunkuya daidai kunnenka na ce, “Baba, hannuna rawa yake.”

Ka ce, “Na sani, ai ni na daɗe ina ba ka maganin da ke sa shi. Jira ya tsaya, ba sauri nake ba.”

Ka jingina kai, ka ɗaga haɓa, maƙogwaronka a fili, ka rufe ido. Mai gyaran babur ya ajiye sifana, tela ya tsayar da keke, masu wucewa suka ja birki kamar ana rabon wani abu. Na tsaya har hannun ya nutsu, na yi bisimilla, na ɗora aska. Kafin in gama gefe ɗaya sai na ji minshari. Mutum yana barci a ƙarƙashin askata, a bakin titi, baki a ɗan buɗe. Ban san lokacin da hannuna ya koma nasa na da ba. Na bi wuyan nan a hankali har na gama, ko ƙwarzane babu, sannan na taɓa kafaɗarka. Ka yi miƙa, ka duba madubi, ka ce wa tela, “Malam, kai ma wannan ƙasumbar taka tana neman taimako.”

Tela bai zo ranar ba, sai da ka yi zuwa na uku ko na huɗu. Don ka mayar da abin al'adarka, duk Asabar kana nan, mutumin da gashin kansa duka bai cika cokali ba. Har tsokanarka ake a layin, ana cewa Baba ya zo a goge masa madubi. Bayan tela sai mai gyaran babur, shi da ya fi kowa gudu a wancan karon. Bayansu sai tsofaffin mutanena suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa da uzurinsa, wannan ya ce tafiya ya yi, wancan ya ce bai san na buɗe ba. Na karɓi uzurin kowa. Yau benci biyu gare ni, kuma ranar Asabar ba sa isa.

Da ka yi ritaya ba ka bar sashen ya huta ba. Kai ka haɗa ni da wadda ta gaje ka, ɗalibarka ce, aka ba ni izinin shiga da kilifata ranar Laraba. Har yanzu ina zuwa. Cunkoson yana nan, ban ga alamar zai ragu ba, ɗakin shiru ma bai taɓa rasa baƙo ba. Amma teburin yana baranda inda ka bar shi, kuma in na cikin ɗakin ya huce, ita da kanta take fito mini da shi tsakar gida. Ina shan maganina, ina ganin likita a kan lokaci, 'ya'yana sun girma a gabana. Na gode wa Allah, ba ni da abin da zan ce sai godiya.

Da ciwon ajali ya kwantar da kai, sai Asabar ta juya, ni nake zuwa gidanka da jakata. Ka rame, amma tsokana ba ta bar ka ba, kana cewa in yi sauri kafin sauran gashin ya riga ka tafiya. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, sai dai ka tambaye ni wa ke ɗakin shiru yanzu, kuma an fito da shi ya sha iska ko kuwa.

Bayan an kai ka makwancinka na shiga yi wa matarka, Mama, gaisuwa. Tana zaune cikin 'ya'yanta da 'yan'uwanta, sai na ba su labarin ranar da ka yi barci a kujerata har da minshari, don in ɗan sa su murmushi. Mama ta dube ni, ta goge ido da bakin mayafi, sai ga ta tana dariya.

Ta ce, “Ɗan nan, tun da na auri mutumin nan ban taɓa jin minsharinsa ba. Ba barci yake ba. Ranar ko karyawa bai yi ba, ya daɗe a kan sallaya kafin ya fita, har ya ce in yafe masa. Da ya dawo na ce to me ya kai ka? Ya ce in shi bai zauna ba, ba mai zama. Idon kuwa ya rufe shi ne don kada ka ga abin da ke ciki.”

Duk shekarun nan ina alfahari cewa akwai mutum ɗaya da bai taɓa jin tsorona ba. Yanzu na san ka ji, kamar yadda tela da mai gyaran babur suka ji, kuma ka fi su sanin abin da ciwon nan ke iya sa mutum, don ka gani da idonka. Ban ji haushi ba, Baba. Wallahi sai ma na ji ka ƙara girma a raina, na fito daga gidan zuciyata wasai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, Allah Ya ba ta haƙuri da lafiya, Ya sa 'ya'ya su riƙe ta kamar yadda ta riƙe shi. Ina yi wa 'ya'yansa da jikokinsa da 'yan'uwansa gaisuwa, da ma'aikatan sashen maza, da marasa lafiyar da suka san shi, na ciki da na waje. Matata da 'ya'yana ma suna gaisuwa, don su ma uba suka rasa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, kai da ka ƙi jinin a matse bayin Allah. Ya sa haske a cikinsa, Ya sa kada ka yi kaɗaici. Ka zauna a gabana da tsoronka a ciki don ni in rabu da nawa. Allah Ya amintar da kai a ranar da kowa zai ji tsoro. Amin.